Inuwa da Shukar Murjani

Inuwa masunci ne a Auyo. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa har shekara talatin. Mutum ne mai son gwaji. Wani Baturen aikin gona da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwatin gilashi, shi kuwa ya ajiye a ɗakinsa, yana zuba 'ya'yan karfasa yana kallo.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, wani mai kanti, Alhaji Ɗahiru, ya dawo daga Makka. Ya ce a tekun Jidda murjani tsirowa yake cikin ruwan gishiri, har da rassa. Mu dai muka yi mamaki muka watse. Inuwa ya tafi gida da maganar.

Matarsa Larai tana da murjanin wuya da ta gada wurin mahaifiyarta. Ya faki idonta ya ɗauke. Ya kwashe kifayen ya mai da su kogi, ya zuba gishiri mudu guda a ruwan akwatin, ya binne murjanin cikin yashin ƙasansa. Nufinsa in ya yi rassa ya ninka mata. Ni kaɗai ya gaya wa.

Kwana goma babu tsiro. Ruwan ya fara duhu. Inuwa ya daina gama tuwonsa, ko a kwalekwale hankalinsa yana ɗaki. Ana cikin haka Larai ta buɗe kwallarta ta ga wayam. Ta ce ba mai shigar mata ɗaki sai Ramatu mai kitso.

Na same shi tsugune gaban gilashin. Ya ce da ni:

"Malam, ka riƙe bakinka kwana uku. Ko shinkafa ai tana jinkiri."

Na ce, "Inuwa, gobe za a kai Ramatu gaban mai unguwa ta rantse. Tun jiya ba wadda ta je kitso gidanta."

Sai ya naɗe hannun riga ya tono murjanin, zaren har ya fara ruɓa, ya kai wa Larai yana ɗiga.

"Gadon uwata ka shuka, Maigida? Da damina ko da rani za mu girba?"

Ta ja mayafi ta ce ya wuce gaba, shi zai yi sallama a ƙofar Ramatu, kuma da bakinsa zai faɗa.

Ya faɗa, unguwa tana ji. Ramatu ta ce ta yafe. Amma har Inuwa ya rasu, ba ta sake taka gidansa ba.