Hancin Manzo da Ruwan Dado

Duk wanda ya bi ta tashar motar Tanut da hantsi zai ga wani dattijo dogo mai rawani ruwan toka zaune kan tsohuwar taya a gindin aduwa. Gabansa jarkokin ruwa ne, waɗanda mu nan muke kira bido, an jera su a rana, bakinsu a ɗaure tam. Ba nasa ba ne, ba kuma sayarwa yake ba. Yakan bar su su sha rana har robar ta yi laushi, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ya kwance marfi, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu ya ɗanɗana. Wanda ya yarda da shi sai ya ɗaura masa jan zare a mariƙi. Wanda bai yarda da shi ba kuwa, ko na wane ne, wuƙa zai sa ya farke masa ciki.

Manzo ke nan, shofer, wato direba. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana ɗaukar mutanen yankinmu na Damargu, malaman makaranta da 'yan kasuwa da masu son ganin duniya, ya bi da su Agadas da Arlit, ya tsallaka iyaka a Assamaka, ya ratsa Tamanrasat, ya hau da su gandun duwatsun Ahaggar na ƙasar Aljeriya, inda tsaunuka ke tsaye kamar rumbunan da aka manta ba a yi wa jinka ba. A watan jiya ya ajiye makulli, don ido ya fara gaza shi. Hancin dai yana nan daram.

In za a faɗi gaskiya, Manzo ba mutum ne mai daɗin tafiya ba. Ba ya yarda da kowa. Ka ce masa an cika tanki, sai ya zura kara ya auna. Makaniki ya rantse ya ɗaure taya, sai ya bi bayansa da sifana. A kowane zango sai ya ƙirga mutane, ya ƙirga bido, ya sake ƙirgawa kamar wani ya haihu a hanya. Dokarsa kuma ɗaya ce: duk mai tafiya ya kawo bidonsa kwana ɗaya kafin tashi, ya yini a rana, domin a cewarsa roba tana ɓoye abin da ta taɓa ɗauka, zafi ne kawai ke sa ta tona.

Gari ma bai raga masa ba, ya rama zargi da zargi. Wasu suka ce mai irin wannan bincike lalle akwai abin da shi ma yake ɓoyewa. Wasu suka ce iskoki ke gare shi, su ne ke sansanar. 'Yan duwan, wato kwastan, sun taɓa kwance kujerun motarsa kaf a bakin iyaka, abin da suka samu dabino ne da allura da tsohon carbi.

Amma ba a taɓa jin haushinsa kamar shekarar da ya zubar da ruwan Dado ba.

Dado matar Barmo ce, amininsa tun suna kiwon awaki a wani ƙauye kusa da Belbeji. Ɗansu na fari, Almustafa, ya zama malamin makaranta, kuma yana cikin malamai bakwai da suka shirya zuwa Ahaggar a hutun sanyi, ƙarƙashin jagorancin babbansu, Mushe Attahir. Ranar tashi, mota ta riga ta ɗauki kaya, sai ga Barmo da Dado a kan amalanke da bido biyu masu launin ruwan ɗorawa, fes da su kamar sababbi. Da hannunta ta ja ruwan daga rijiyar ƙauyensu, ta kai wa liman ya tofa addu'a, don ɗanta ya sha ruwan gida a ƙasar mutane.

Manzo ya dubi bido, ya dubi Dado. "Waɗannan ba su sha rana ba."

"Yo ruwan rijiyarmu ne, Manzo. Shi ka sha ka girma."

Ya kwance ɗaya, ya sansana, bai ji kome ba. Ya ɗanɗana, ya daɗe yana juya harshe. Can sai ya tofar, ya karkata bidon ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, a gaban tasha kaf.

A Damargu, ka zubar da ruwan da mace ta kawo da hannunta, ai ka ce ta sa wani abu a ciki ke nan. Dado ta dafe ƙirji. "Yaron nan da na haifa zan yi wa sammu? Ni?"

"Ban ce ke ba. Bidon ne ban yarda da shi ba."

"Me ka ji a ciki?" in ji Barmo.

"Ban sani ba. Wani ɗaci can ƙarshen harshe."

Barmo ya lakaci ruwan da ya rage ya ɗanɗana, Mushe Attahir ma ya ɗanɗana, babu wanda ya ji kome. Barmo ya ce, "Shekara arba'in muna cin tuwo kwano ɗaya, yau iyalina ka tozarta a kasuwa. Daga yau kar ka taka ƙofata." Dado ta janye bido na biyu tana share hawaye da gefen zane. Manzo ya shiga mota ya tayar, ya kuwa san in harshensa ya yi masa ƙarya, ya rasa amini a banza, ya kuma bar wa baiwar Allah tabon da ba zai goge ba.

Har Arlit ba mai yi masa magana. A Assamaka, ana jiran jandarmomi su buga takardu, ya yi ƙirgarsa ta kullum, sai ya samu bido goma sha uku maimakon goma sha biyu. Ya ɗaga bargo, ga na Dado kwance a ƙarƙashin jakar Almustafa.

"Baba Manzo, Inna ce ta miƙo mini ta taga. Ta ce in ban sha ba, ni ma na yarda da abin da aka faɗa a kanta."

"Ka sha?"

"Tukuna."

Manzo bai zubar da wannan ba, don bayan Arlit ko mugun ruwa ba a zubarwa. Ya naɗe bakinsa da waya, ya ɗaure shi a saman mota inda rana za ta dake shi, ya ce duk wanda ya taɓa shi a nan zai sauke shi.

Sun isa gandun lafiya. Sun ga zanen shanu da raƙuman dawa da mutanen farko suka yi a jikin duwatsu, sun hango ragon dutse yana tsalle a kan tsauni, malamai suna ta rubutu a littafi. A kan hanyar saukowa, cikin wani kwari da ba kowa ke bi ba, tiyon ruwan injin ya fashe, ruwan lagireto ya tsiyaye a kan tsakuwa. Manzo ya yini biyu yana ɗinke tiyo da robar taya da waya. Kafin ya gama, ruwan sha ya koma rabin bido ɗaya, ga mutum takwas.

Nan idanu suka koma saman mota. Mushe Attahir ya ce, "Manzo, ga ruwa cike, ka hana mu. Ko dai kanka ka ajiye wa?" Wani ya ce ai tun Tanut ya gane dabara ce. Manzo ya sauko da bidon ya zauna a kansa, sifana a hannu. Leɓɓansa sun tsage kamar na kowa. A ransa shi ma tambayar yake yi: in ruwan nan lafiyayye ne fa? In taurin kai ne kawai zai sa ya kashe ɗan amininsa da ƙishirwa?

Almustafa ya durƙusa gabansa. "Baba Manzo, ruwan mahaifiyata ne. Ko maƙurwa ɗaya."

"To, matso. Ku ma ku matso. Ya sha rana kwana tara, bari mu ji me zai ce."

Ya warware wayar ya kwance marfi. Warin da ya taso sai da ya sa Mushe Attahir ya ja da baya yana tari. Duk ɗan Damargu ya san wannan wari, na maganin fara ne da ake fesa wa gonaki. Ƙudajen da suka yi rububin sauka a bakin bidon, kafin a jima suna kwance a ƙasa ƙafa sama. Almustafa ya zauna daɓas ya rufe fuska.

Manzo bai tsaya gori ba. Ya ɗaga bidon ya juye shi kaf a lagireto, ya murza makulli. Da wannan ruwa motar ta fita daga kwarin, ta kai su wurin masu gadin gandun kafin la'asar, rabin bidon nan kuma ya ishe su jiƙa maƙoshi.

Da suka dawo bai tsaya Tanut ba, ya zarce ƙauyen, ya yi sallama a ƙofar da aka hana shi takawa. Dado ta fito fuska a ɗaure. Ya ce, "Ruwanki ne ya fito da mu daga dutse, Dado, wallahi ba don shi ba da muna can. Amma a ina kika samu bidon?"

Ashe a kasuwa ta saya wurin wani baƙo da ya zo da su cike da amalanke, a wanke tas. Guda huɗu ta ɗauka, biyu suna cikin gida ana sha da su, jikarta kuma wata guda ke nan tana amai ba a san dalili ba. Barmo ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa ya miƙa wa Manzo. Kwana uku su biyun suna bin gida gida, ƙauye ƙauye, har suka farke bido ashirin da shida. Yarinyar ta warke, yanzu ita ma tana da 'ya'ya.

Manzo, kai ne wanda aka zaga a tasha ka haɗiye. Kai ne ka zauna a kan ruwa kana jin ƙishirwa, mutum bakwai suna maka kallon ɓarawo, ba ka ɗaga ba. Shekara ashirin da bakwai kana tsallaka iyaka da 'ya'yan mutane, ba ka taɓa dawowa ƙirgarka ta kasa ko da mutum ɗaya ba. Mun kira ka mai baƙin zargi, mun yi kuskure, muna neman gafara. Na gaban mota, mai hancin da ba ya karɓar rantsuwa, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan da kuka gaji sitiyari, ku je gindin aduwar nan ku koya tun yana raye. A ji haushinku a tasha ya fi a yi kukanku a gida.

Ranar da ya ajiye makulli an taru a gindin aduwar, har da Barmo da Almustafa, wanda yanzu shi ne shugaban makarantarsu. Ana cikin addu'a sai ga Dado, ta tsufa, tana takawa a hankali da ƙwarya cike da ruwa. Ta miƙa wa Manzo. Kamar wancan karon, kowa a tasha ya zuba ido ya ga abin da zai yi. Manzo ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kai baki kai tsaye, karo na farko a saninmu da bai kai hanci ba.

Dado ta riƙe gefen ƙwaryar. "A'a, Manzo," in ji ta. "Sansana tukuna."