Kujerar Babanmu

Har yau, in na ji kujerar katako ta yi ƙiiƙ da mutum ya zauna, sai zuciyata ta koma Wurno. Ka yi haƙuri mai karatu, labarin kujera zan ba ka, kuma kishi ne fal a cikinsa.

Babanmu malamin gwamnati ne da aiki ya kawo garin. Mu 'yan Katolika ba mu da yawa, shi ya tara yaranmu a rumfar zana bayan coci, har abin ya zama makaranta. Shi ne hedimasta, shi ne mai buga ƙararrawa. A gidanmu kuwa akwai kujera ɗaya mai hannu, tasa ce, ko Mama ba ta zama a kai.

Wata bazara, lokacin da warin albasa ya cika gari, Fada, limamin cocinmu, ya zo daga Sakkwato ya ce makaranta ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya, sai an kafa kwamiti. Ya ce kuma hedimasta ba ya shugabantar kwamitin da zai riƙa bincikar aikinsa. Aka zaɓi wata nas ta asibitin garin ta shugabanci kwamitin, aka haɗa ta da wani dattijo Musulmi, manomi daga Kwargaba, wanda jikokinsa ke karatu da mu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk ranar taro Baba da kansa zai ɗauki kujerar nan a ka ya kai coci. Nas ta hakimce a kai, shi yana tsaye yana ba da bayani kamar ɗan aji uku. Na tsani matar nan, har da farin takalminta. Ina take lokacin da ake kafa rumfa?

Rannan na ja kujerar na ɓoye bayan rumbun maƙwabta, na lulluɓe ta da kara. Na so in ga nas ta rasa wurin zama. Ai kuwa ko a jikinta, ta naɗe ƙafa a tabarma. Dattijon ya dubi Baba da ke ta ba da haƙuri, ya ce, "Mi za a yi da kujera, Malam? Shawara munka zo yi, ba sarauta ba."

Baba ya gane ni ce, amma bai doke ni ba. Sai da aka yi masa canji zuwa Goronyo, muna ɗaura kaya, ya cire kujerar daga mota ya mayar makaranta. Na fashe da kuka. Ya ce, "Da ni kaɗai ke riƙe da makarantar, da yau ita ma ta hau motar nan tare da mu."

Yanzu ni ma hedimasta ce, ina tsayawa gaban kwamiti ina ba da bayani, na kuma san gaskiyar Baba. Bara na koma Wurno, shi ya riga ya rasu. Rumfa ta zama ginin siminti, kujerar tana ofis, an yi mata fenti. Wata matashiyar malama ta ce mini, "Anti, wannan kujerar Mama nas ce, wadda ta kafa makarantar." Na yi murmushi na shafa hannun kujerar. Amma kishin nan na yarinta, ashe yana nan inda na bar shi.