Igiyar Ramar da Na Zarga wa Karena

Lokacin da Turawa suka fara yawan ratsa ƙasarmu ina sabon aure a Aliero, ina noman albasa a fadamar da mahaifina ya yankar mini. Ina da wani jan kare mai tsagaggen kunne, wanda ya biyo ni daga kasuwar Jega tun yana kwikwiyo ya ƙi komawa. A gaban mutane nakan ce don gadi kawai na ajiye shi. Ƙarya ce. Son karen nan nake yi, har ƙanzon tuwo nake sata daga tukunyar matata in kai masa a aljihu.

Aikinsa guda ne, haushi. Da rani Fulani kan gangaro da shanu daga wajen Maiyama su shayar kusa da lambuna. Da ya jiyo su sai ya buɗe murya, makiyayan su ji, su karkata da dabbobinsu. A kan haushin nan muke zaman lafiya da su, ba a taɓa taka mini ko fangalin albasa ɗaya ba.

Wata ranar kasuwa na kai albasa Jega, na tarar wani Bature ya sauka a bariki ya fito yawo da nasa karen. Ƙaton kare ne, amma yana tafe daidai ƙafar ubangidansa, ko waige ba ya yi. A wuyansa akwai siririyar sarƙa, an zura bakinta cikin zobe. In ya yi gaba sai Bature ya ɗan fizga, sarƙa ta matse, kare ya dawo, sarƙa ta zame ta saki. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallo. Na waiga neman nawa, can na hango shi yana birgima a kashin jaki. Kunya ta kama ni, hassada ta biyo bayanta. Na ce a raina ai wannan ba asiri ba ne, zarge ne, kuma zarge tun muna yara muka iya shi.

Ina isa gida na zauna murza igiyar rama. Matata ta tsaya a kaina.

“Maigida, mi za ka yi da wagga igiya? Ko akuya anka ba ka?”

“Ladabin Nasara zan koya ma kare.”

“To, madalla. In ya iya, ya koya maka.”

Ban kula ta ba. Kwana biyu ina jan bawan Allah daga gida zuwa lambu, ina fizga ina ɗaga kai kamar yadda na ga Bature ya yi. Shi kuwa sai tari yake yana kallona, yana neman laifin da ya yi.

A rana ta uku da hantsi na ɗaure shi a gindin jigo, wato sandar da muke ɗaga guga da ita daga rijiyar lambu, na shiga ban ruwa. Duk gugan da na juye sai ya fantsama wa igiyar. Ga abin da wayona bai kai ba: sarƙa ƙarfe ce, sulɓi gare ta, da kanta take saki. Rama kuwa in ta sha ruwa kumbura take, in ta ciji wuri ta cije ke nan.

Sai ga shanu sun ɓullo, wani dattijon Bafulatani na biye da su. Karen ya zabura da haushi kamar kullum, ya manta da igiya. Ta fizgo shi ta baya, ya zame a laka ya rufta bakin rijiya, ya tsaya a rataye yana shure-shure. Ni kuma, don hankali ya gudu, sai na kama igiyar ina ja in fito da shi. Ina ja, ina ƙara shaƙe shi. Na kai hannu ga ƙullin, farcena ya karye, ƙulli bai motsa ba. Harshensa ya zazzago, idanu suka yi jajir.

Dattijon ya jefar da sanda ya sheƙo yana cewa, “Saki igiya, ɗana! Rungume shi ka ɗaga sama!”

Na kwanta rub da ciki na rungumo shi. Dattijon ya zare wuƙa ya yanke igiyar. Karen ya yi laƙwas a ƙirjina. Na yayyafa masa ruwa, na yi ta murza masa wuya, ina kuka da majina, ni da nake cewa don gadi na ajiye shi. Can ya ja numfashi da ƙyar.

Dattijon ya juya guntuwar igiyar a hannunsa.

“Wa yak koya ma wanga ɗauri?”

“Ga Bature nig gani, Baba.”

“Mu da shanu, ga ƙaho mukan jefa zarge, don ƙaho ba ya numfashi.”

A kafaɗa na saɓo karen har gida, ta ƙofar liman, miyansa na zuba a rigata. Matata ta wanke rigar tana dariya har da riƙe ciki. Da ta ga wuyan karen sai dariyar ta tsaya, ta dama masa kunu da hannunta.

Ya rayu, amma garin gyaran gira na rasa ido, muryarsa ta tafi. In ya buɗe baki iska kawai ke fita. Jinsa kuwa yana nan. Da ya jiyo shanu sai ya miƙe, ya yi ta wangale baki, sannan ya juyo ya dube ni. Ni kuma in ajiye guga in hau tudu in yi ta kururuwa har makiyaya su karkata. Matata ta koma ƙunso mini ƙanzo kashi biyu, wai na mai ji da na mai haushi.

Mun yi shekaru a haka. Yana bina ko'ina, yana cin ƙanzo a tafina, yana barina in shafa masa baya. Amma har ya mutu, in hannuna ya doshi wuyansa sai ya ja da baya.