Ɗan da Ƙanwata Ta Shayar Mini

Shekara goma sha ɗaya da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Da muka gaji da zaryar asibiti, ni da maigida muka nemi riƙon wani yaro daga gidan marayu. Shekararsa ɗaya da wata huɗu, kunnuwa fato-fato. Ya kama mini yatsa ya ƙi saki, shi ke nan na mutu a kansa.

Matsalar ita ce nono. Yaron da ba ke kika haifa ba, ranar da ya balaga sai kin rufe masa kai a cikin gidanki, sai fa in ya sha nonon 'yar'uwarki sau biyar kafin ya cika shekara biyu. Ƙanwata da ke unguwar Jarwal tana shayar da 'yarta, har ta sa ranar yaye. Na ɗauki tasi daga unguwarmu Hindawiyya na je na ce mata ba ta isa ba.

Takardun da za a ba mu yaron kuwa suka yi kwanciyarsu. Yau a ce hoto ya tsufa, gobe a ce mai sa hannu ya tafi hutu. Wata ma'aikaciya ta zo duba gida, ta leƙa har firij, ta tambaye ni ko ina da saurin fushi. Na ce a'a, ina murmushi, zuciyata tana tafasa.

Wata bakwai ina ɗura wa ƙanwata hulba da kunun gyaɗa kada nono ya ɗauke. Ta yi ƙiba har abayarta ta daina rufuwa. 'Yarta kuma ta yi haƙora.

"Yaya, halas, ya isa haka," in ji ta. "Yarinyar nan wallahi cizo take!"

"Ki cije ke ma," na ce.

Saura kwana tara yaron ya cika shekara biyu, na je ofishin masu takardun na zauna a ƙasa na ce a nan zan yi azahar da la'asar. Na yi kuka, kuma ba na dabara ba ne. Tsoro nake in raini ɗa ya zame mini baƙo. Kafin la'asar mai sa hannu ya samu.

Muka kai shi Jarwal, gogan ya dubi nonon ya kau da kai. Ɗan kwalba ne. Sai da malamin unguwa ya ce a tatsa a kofi, ya halatta. Mahaifiyarmu ta zauna tana ƙirga kofi biyar ɗin da ƙwallon dabino.

Da ya shanye na biyar, ƙanwata ta gyara riga ta ce, "To, yanzu ni ce uwarsa. Ke hala ce, 'yar'uwar uwa."

Na bar mata sunan. Bana ya shekara goma sha biyar, murya ta fashe. Jiya ya shigo ɗakina ba ɗankwali a kaina, ya tsaya yana cire mini furfura, wai na tsufa.