Uwata Mai Tsada

Wanda ya rubuta littafin da aka koya mana Turanci da shi ya cuce ni, kuma har yau ban yafe masa ba. Ban san shi ba, ban san ko yana raye ba. Amma mutum ya ɗauki kalma mai fuska uku ya nuna wa manyan mata fuska ɗaya ya rufe littafi, wannan ba koyarwa ba ce. Kwana shida na yi ina fushi da ɗana saboda shi.

Na haura arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gaya, ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Muna taruwa bayan azahar a tsakar gidan mai unguwa, kowa da tabarmarta. Malamarmu yarinya ce, a haife na haife ta. Shekarar farko karatun Hausa muka yi. A ta biyu ta ce masu so su tsaya a ɗan taɓa Turanci. Da yawa suka ce me za su yi da shi. Ni na tsaya, don ba na son a yi magana a kaina ina zaune kamar turmi.

A littafin akwai darasin kasuwa, hoton wata mata da kwando tana taya kifi. A ƙarƙashi kalma biyu, cheap da dear. Malama ta ce ta farko araha, ta biyu tsada. Muka yi ta maimaitawa, diya, diya, har wata ta ce ashe Turawa ma sun san ɗiya tsada gare ta, aka yi dariya. Ni kam ta zauna mini daram, tunda man gyaɗa da ƙuli nake sayarwa, kullum sai an ce mini kayana sun yi tsada.

Ɗan nawa ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko kallon kirki ba ta yi masa. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta tafi da shi Toranke, can ya girma. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya, yadda ya ji ƙannena suna kirana. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon tukunya. In zancensa ya kama, in ce yaron nan. Ban taɓa ganin laifin haka ba, a haka na tashi. Sai dai ban san abin da ke ransa game da ni ba, shi ma bai san nawa ba, kuma ba ta inda za a tambaya.

Ya yi karatu ya zama malamin firamare, aka tura shi Ajingi. Yana da keke, da wuya Juma'a biyu ta wuce bai zo ba. Da ya ji ina zuwa aji amma idona ba ya kama ƙananan baƙaƙe, ya kai ni Kano aka auna ni, aka yanka mini tabarau. Daga nan zuwansa ya ja baya. A bakin ƙanwarsa na ji cewa keken ya sayar.

Ana nan sai direban motar da ke zuwa Ajingi ranar kasuwa ya kawo mini wasiƙa daga yaron nan. Ita ce ta farko a duniya da aka rubuto mini na karanta da kaina. Cikinta duk Hausa ce: gaisuwa, ruwa ya zauna, gero ya yi kyau, yana fata tabarau ba ya matsa mini hanci. Layin sama ne kawai ya yi da Turanci: My dear Mother. Na bi kalmomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, tawa. Ta ƙarshe, uwa. Ta tsakiya kuwa na san ta sarai. Uwata mai tsada.

Shekara ashirin da biyar yaron nan bai taɓa ce mini uwa ba, ranar da ya faɗa kuma ya haɗa da gori. Ni ban roƙe shi ba. Na cire tabarau na naɗe a tsumma na jefa cikin kwalla, na ce kasuwa mai zuwa zan mayar masa, ya sayar ya fanso kekensa. Na daina zuwa aji. Ƙanwarsa ta tambaya, na ce ido ne ke damuna.

Rana ta shida da la'asar ina tuyar ƙuli sai ga Malama. Na ba ta tabarma da mai zafi a faifai. Ta ce ajin ya yi sanyi tunda babu mai yi mata musu. Na ce na gama da Turanci, yaren da ɗa zai zagi uwarsa da shi cikin ladabi. Na ɗauko wasiƙar na nuna mata layin da yatsana duk maiƙo.

Ta karanta, ta kai gefen mayafi baki. Na ce in dariya za ta yi ta yi a fili, ba na son ta ɓoye.

"Iya, laifina ne, ba nasa ba," ta ce. "Gutsuren kalmar na ba ku."

Ta ce in a kan kaya aka faɗe ta, tsada ce. In an jingina ta da mutum, to wanda ake ji da shi ne, na cikin rai, wanda ba a son rabuwa da shi. Akwai kuma ta uku: da ita ake buɗe kowace wasiƙar Turanci, kamar sallama. Ko ofishin ilimi in za su yi mata faɗa a takarda, da ita suke farawa.

Ta ukun nan ta fi ƙona mini rai. Da zagi ne, ai na san ya yi tunanina kafin ya rubuta. Na ce ke nan gaisuwar ofis ya yi mini.

"Ofis ba ya cewa tawa, Iya." Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko. "Wannan shi ya ƙara da kansa. Kuma dubi nan."

Na ce ba na gani. Ta ce ita dai ta san wata mai tabarau a gidan nan. Dole na tashi na buɗe kwalla.

Na ga abin da fushi ya hana ni gani. A ƙarƙashin kalmar ƙarshe takardar ta kurje, an kankare tawada da reza. Wutsiyar harafin farko tana nan ba ta fita ba. Kalmar Yaya ya fara rubutawa, yadda ya saba, sannan ya kankare ya sa uwa a kai.

Na daɗe ina kallon wurin har ƙuli ya ƙone a kasko. Da Hausa ba zai iya ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ni ma da ya faɗa da baki, tashi zan yi in bar masa ɗakin. Sai ya jira har na koyi yaren da babu kakarsa a ciki, babu kowa namu, ya aiko mini ta can. Na tuna keken, da tafiyar ƙasa da yake yi zuwa makaranta cikin damina, na ga ko tsadar ma ba ƙarya ba ce.

Kafin Malama ta tafi na tambaye ta yadda ake rubuta ɗa da Turanci. Ta rubuta mini haruffa uku a bayan ambulan, ta kwashi ƙulinta, ta ce tana jirana a aji.

Washegari kasuwar Ajingi ke ci. Da gari ya waye na yagi takarda daga tsakiyar littafina, na fere fensir, na rubuta My dear. Na dubi haruffa ukun Malama, na ga duk macen da ta haifi namiji za ta iya rubuta su. Sunansa nake so. Matsalar ita ce ni ban iya rubuta kalma ba sai na furta ta gaɓa gaɓa, haka aka koya mana. Na leƙa tsakar gida, ƙanwarsa ta tafi rijiya. Na saki asabari. Sau biyu na faɗi sunan, don na farko muryata ba ta fito ba, sannan na rubuta. A ƙasa na ce tabarau yana matsa hanci kaɗan, amma ba zan ba kowa ba.

Na cika gwangwani da ƙulin da bai ƙone ba, na yafa mayafi, na tafi tasha da kaina kafin mota ta cika.