Gidanta Cikin Shuɗi

A zauren cocin unguwarmu, nan birnin New Orleans, ma'aikatan tsara birni sun kafa babban allon kwamfuta. Taswirar tsohuwar unguwa ce, tudu ruwan ɗorawa, kwari shuɗi. Inda ya yi shuɗi za a tashi mutane, a bar wa ruwa.

Wata dattijuwa na tsaye gaban allon, da hular coci da takalmin da ya sha gyara. Ƙamshin jan wake na bin rigarta. Da alama tukunyar waken da muka saba dafawa ran Litinin ta bari a wuta, da nufin yanzu za ta koma.

Ta dubi wata ma'aikaciya. "'Yar nan, ina gidana? Ina ɓauren da mijina ya dasa?"

"Mis Odile, na'urar tana cire gidaje da itatuwa, ƙasa zalla take nunawa," in ji ma'aikaciyar. "Ga filinki nan."

"Oho. Ashe har kun gama rushewa."

Wasu na dariya, ita ba ta yi.

Filin shuɗi ne sosai. Mis Odile ta ciro hankici tana goge shuɗin a hankali, kamar mai share wa jika fuska. Bai fita ba. Ta ninke hankicin, ta riƙe shi nesa da rigarta, kamar ya jiƙe.