Fankokin Surukina

Ban taɓa mantawa da ranar da na durƙusa gaban wata kwamfuta a Kusada, na san ciwonta sarai amma bakina ya ƙi buɗuwa ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani shagon gyaran kwamfuta a Kankia, ban jima da yin aure ba. Kwamfutar ta surukina ce, Malam Sada, mahaifin matata. Ni na haɗa masa ita da hannuna, irin ta tebur ɗin nan mai akwati, gefe guda gilashi, don ƙanwar matata ta riƙa buga wa mutane takardu da hotuna a ɗakin da ke jikin shagonsa.

Ku da kuka fara koyon aikin nan, ga ƙa'idar. Fankokin gaban akwati su jawo iska mai sanyi ciki, na baya su fitar da mai zafi. In iska ta shiga ba ta sami mafita ba, zafi zai taru a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, sai kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone.

To Malam Sada fa mai gyaran fanka ne, tun ba a haife ni ba yake naɗin waya. Duk fankar masallacin da ta tsaya, daga Kusada har Yashe, shi ake nema. Da bazara ta kankama, ya kai hannu bayan akwatin ya ji iska na fitowa, ya ce wannan ai asara ce. Ya kwance fankar baya ya juya ta tana hurawa ciki, ya huda murfin sama ya ƙara wasu biyu, su ma ciki. Sannan ya bi kowace kafa ya liƙe da salatif, wai kada sanyi ya tsere. Nan da nan kwamfuta ta fara ɗaukewa ana tsakar aiki.

Matata ce ta kwashe labarin daga ƙanwarta ta kawo mini, har da ƙarin cewa Baba ya ce kayan da na haɗa masa ba su da ƙwari. Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Da na nemi izinin tafiya wurin Oga, mai shagonmu, na ba shi labari, sai da ya yi dariya ta ishe shi.

"Ka je ka ce masa ya yi kuskure mana," in ji shi.

Na ce, "Oga, kai ka taɓa ce wa naka surukin haka?"

Sai kawai ya miƙo mini sukundireba, abin kwance noti.

Na tarar da Baba da abokansa dattawa jere a kan benci. Na cire takalmi na gaishe su, kaina a ƙasa. Ya ja ni ciki, su ma suka biyo mu. Ya nuna mini fankokin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Dubi irin gatan da na yi mata, amma ba ta gode ba."

In na faɗi gaskiya, na ƙaryata surukina a kan fanka gaban tsaransa. In na yi shiru, na tabbata mai haɗa wa surukai kayan banza, matata ce kuma za ta riƙa sunkuyar da kai a gidansu.

Sai na ce, "Baba, mu yara ba mu iya gane tafiyar iska da hannu kamar ku. Ko za ka duba mini da hayaƙi?" Na fita wurin mai tebur na sayo turaren tsinke, na kunna na ba shi.

Ya kara shi a gaban akwatin. Ɗan hayaƙin da ya shiga ya tsaya yana ta gewayawa a bayan gilashin, sauran ya dawo masa a fuska. Ya zagaya baya ya sunkuya, ba abin da ya fito. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Af. Ai ɗakin ba taga."

Da kansa ya ɓare salatif, ya mayar da fankar baya yadda take, ya juya na sama suna fitarwa. Ni nawa miƙo noti. Da aka sake kara turaren, hayaƙin ya shige ta gaba ya fice ta baya, siririf. Ƙanwar matata ta yi ta aiki har la'asar kwamfutar ba ta ɗauke ba, sai dai ɗakin ya ɗauki ƙamshi kamar na amarya.

Baba ya waiwaya ya ce wa abokansa, "Yaran yanzu sai ana nuna masu." Suka ce ƙwarai kuwa. Ni ma na ce ƙwarai kuwa.

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba. Sai da na hau babur ya dafa kafaɗata, ya rage murya ya ce, "Tun da ka shigo ka sani. Allah ya yi maka albarka."

Shi ya sa nake gaya muku, galibin wanda ya lalata kwamfutarsa ba da mugunta ya yi ba, so ne ya yi yawa. In kun gano kuskuren, ku nemi yadda mai ita zai gani da idonsa kafin ku buɗe baki. Ni dai daga Kusada har Kankia hawaye na zubo mini, na ɗora wa iskar babur laifi.